Kasuwar Baleyara: Wa ke sa ido kan masu shiga kwamfutar da ke riƙe da kuɗinmu?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Baleyara ranar Lahadi ya san ba ƙananan kuɗi ke canza hannu a garin nan ba. Garin yana kan hanyar Yamai zuwa Filinge, kimanin kilomita 100 daga babban birnin ƙasa, kuma ya yi suna a cinikin dabbobi tun kafin a yanke shi daga Filinge a mai da shi gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011. Buzaye da Fulani su koro raƙuma da shanu da tumaki, Zabarmawa da Kurfayawa su kawo hatsi da wake, mata su baza tabarmi da ƙore da kayan miya, sannan ga fatake daga Yamai, wasu ma daga Nijeriya, suna jiran dillalai su sallama masu.

A shekarun baya, kuɗin wannan ciniki a lalita da aljihun 'yar ciki da bakin zane suke tafiya. Yanzu kuwa abin ya canza. Rashin tsaron da ya addabi jihar Tillaberi ya sa ba mai son ya ɗaura kuɗin shanu biyar a ƙugu ya kama hanyar Bonkuku ko Abala da yamma. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a bankuna bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar a 2023 ya ƙara tura jama'a wajen kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, da asusun salula na Airtel da Moov da Zamani. Ga kuma ƙananan asusun ajiya da lamuni, inda mata da yawa ke tara jarinsu.

Abu ɗaya ne ya haɗa duk waɗannan wurare. Da zarar an miƙa kuɗi ta taga, yaro ya ƙirga ya danna kwamfuta, to kuɗin sun tashi daga takarda sun koma lamba a cikin na'ura. Abin tambaya a nan shi ne: idan wani ya shiga ya taɓa wannan lamba, akwai yadda za a yi a san ko wane ne? Wannan tambaya muke so mu tattauna da 'yan kasuwa a yau, domin amsarta ce ke raba wurin da ya cancanci a ba shi ajiya da wanda bai cancanta ba.

Littafi na nuna hannu, kwamfuta ba ta nunawa

Tsohon littafin bashi na mai kanti yana da wata fa'ida da ba mu cika lura da ita ba. Kowa a kantin ya san rubutun hannun wanda ke riƙe da littafin. Idan an kankare lamba aka rubuta wata, wurin zai yi duhu. Idan an yage shafi, za a ga gurbinsa. Ko wadda ba ta yi boko ba, idan aka nuna mata layinta, za ta iya gane an taɓa shi.

A kwamfuta ba haka abin yake ba. Tsakanin 300,000 da 30,000 sifili ɗaya ne kacal, kuma wanda ya goge shi ba ya barin tabo. Rubutun kowa iri ɗaya ne a fuskar na'ura, ko na manaja ne ko na yaron da aka ɗauka jiya. Haka kuma lissafin ba ya cikin kwamfutar da muke gani a kan teburi. Wannan ƙofa ce kawai. Lissafin kansa yana wani wuri da ake kira rumbun bayanai, wanda sau da yawa yake hedkwatar kamfanin a Yamai, wani lokaci ma a wata ƙasa. Manhajojin da ake gina irin wannan rumbu da su sanannu ne a duniya, akwai Oracle da SQL Server da MySQL da PostgreSQL, kuma rumbu ɗaya yana iya samun ƙofofi ɗaruruwa, ɗaya a Baleyara, ɗaya a Filinge, ɗaya a Tawa, kowace da masu shiga ta cikinta.

Saboda wannan matsala masu ƙera manhaja suka tanadi littafi na biyu, wanda na'ura ke rubutawa da kanta ba tare da ta nemi izinin ma'aikaci ba. Mu kira shi littafin sawu, tun da aikinsa shi ne adana sawun duk wanda ya shiga rumbu. Idan an kafa shi yadda ya kamata, yana rubuta sunan wanda ya shiga, da rana da sa'a har zuwa daƙiƙa, da na'urar da ya shiga ta cikinta. Yana rubuta abin da ya yi, ko dubawa ce, ko ƙari, ko canji, ko gogewa. Idan canji ne, yana ajiye abin da ke wurin da farko da abin da aka mayar da shi. Har wanda ya gwada lambar sirri bai dace ba, ana rubuta sau nawa ya gwada.

Bari mu buga misali. A ce wata baiwar Allah ta sayar da ragunan da ta yi wata shida tana kiwo, ta ajiye jika 300 ranar Lahadi da la'asar, ta dawo ranar Laraba aka ce mata jika 30 ne a asusunta. Idan akwai littafin sawu, mai bincike zai buɗe ya ga wane suna ne ya shigar da kuɗin ranar Lahadi, wane suna ne kuma ya dawo ya rage su, da ƙarfe nawa, daga wace kwamfuta. Magana ta ƙare. Idan kuwa babu, sai ta ce, su ce, kuma kowa ya san wanda zai sha ƙasa tsakanin mai tallar raguna da mai ofis.

Abin da ya kamata a sani shi ne, sayen manhaja mai tsada ba ya nufin littafin sawu yana aiki. A yawancinsu sai an kunna shi da gangan. SQL Server, alal misali, idan aka bar ta yadda ta zo daga masana'anta, a fannin shiga da fita yunƙurin da bai yi nasara ba kawai take rubutawa, wanda ya shiga lafiya ba ta kula shi. Wasu masu kula da rumbu kuma su kan kashe littafin da hannunsu, wai yana cin wuri yana rage wa na'ura sauri. Shi kuwa mai kantin da ke lissafinsa a Excel a kwamfutar shago, ya sani cewa duk wanda ya zauna kan kujerar zai iya canza lamba ya tashi ba tare da an san shi ba.

Makulli ɗaya, hannu goma

Ko da littafin na aiki, akwai wata ɗabi'a tamu da ke mayar da shi aikin banza, wato aron lambar sirri. Ranar kasuwa layi ya yi tsawo, an kira azahar, mai taga ya tashi ya bar kwamfuta a buɗe ya ce wa abokin aikinsa ya ci gaba. Wani wurin ma lamba ɗaya ce kowa ke amfani da ita, an rubuta ta a 'yar takarda an manna a jikin teburi. Wani ma'aikacin ya bar aiki tun bara, amma sunansa na nan da rai a cikin rumbu, kuma har yanzu ana shiga da shi.

Na'ura ba ta ganin fuska. Sunan da aka ba ta shi take rubutawa. Idan mutum biyar suna shiga da suna ɗaya, ranar da kuɗi suka ɓace littafin zai nuna sunan, amma ba zai iya cewa wane ne cikin biyar ɗin ba. Mafi muni, yana iya nuna wanda bai ji ba bai gani ba, wanda laifinsa kawai shi ne ya ji kunyar hana maigidansa ko babban abokin aikinsa lambarsa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan harka aron lamba shi ne babbar tsagar.

Akwai kuma lokacin ɗauke wuta ko yankewar layin sadarwa, abin da ba baƙo ba ne a yankunanmu. A irin wannan lokaci wasu kan karɓi kuɗi su rubuta a takarda, sai dare ko washegari su shigar. Tsakanin karɓa da shigarwa kuɗin ba su da shaida in ban da wannan takarda. Manhaja ta ƙwarai tana rubuta lokaci biyu, ranar da aka ce an karɓi kuɗin da ainihin lokacin da aka danna su, ta yadda ba wanda zai mayar da hannun agogo baya ya ce tun Lahadi ya shigar.

Matanmu ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 ya kuma bazu zuwa ƙasashe da dama, ya ginu ne a kan akwati mai ƙwado uku. Makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin yana hannun ta huɗu, kuma ba a buɗe shi sai a gaban taro, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Ba don ana zargin wata da sata aka yi haka ba. An yi ne don kada a bar mace ɗaya da nauyin da zai iya zame mata jarraba ko ya jawo mata ƙazafi. Abin da ake nema daga kwamfuta ke nan: kowa da makullinsa, babban aiki kuma sai da hannu biyu.

Rashin wannan ƙa'ida ya taɓa kayar da bankin da ya fi shekara 200 a duniya. Bankin Barings na Ingila, wanda aka kafa a 1762, ya bar wani ma'aikacinsa mai suna Nick Leeson a reshen Singafo yana yin ciniki, kuma shi ne ke kula da sashen da ke rubuta lissafin cinikin. Ya riƙa ɓoye asararsa a wani asusu mai lamba 88888 har ta kai fam miliyan 827. A watan Fabrairun 1995 bankin ya durƙushe, aka sayar da shi a kan fam ɗaya tak.

Wa ke tsaron mai tsaron rumbu?

Kowane rumbun bayanai yana da mai kula da shi, wanda ke riƙe da babban makulli. Shi ke buɗe wa ma'aikata sunan shiga, shi ke rufewa, shi ke gyara idan na'ura ta rikice. Da wannan makulli yana iya shiga lissafin kowa kai tsaye ba tare da ya bi ta taga ba, kuma idan ba a yi tanadi ba yana iya goge sawunsa bayan ya gama. Galibi mu 'yan kasuwa ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, don yana can hedkwata, wani lokaci ma ma'aikacin kamfanin da ya sayar da manhajar ne.

Abin da ya faru a Birtaniya ya isa darasi, musamman ga masu shagunan da ke wakiltar kamfanonin aika kuɗi a garuruwanmu. A can, ƙananan rassan gidan waya suna hannun masu kantuna ne, mutane irinmu, suna sayar da kayan masarufi a gefe suna karɓar kuɗin jama'a a gefe. A 1999 aka fara sa masu wata manhaja mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Ba a daɗe ba ta fara nuna giɓi a lissafin wasu. Suka rantse ba su ɗauki ko sisi ba, hukumar gidan waya ta ce na'ura ba ta ƙarya. Tsakanin 1999 da 2015 an yanke wa fiye da mutum 900 hukunci a kan sata ko maguɗin lissafi. An ɗaure fiye da 200, wasu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da ba su ci ba, wasu ma sun kashe kansu don baƙin ciki.

Shekara da shekaru hukumar tana musun cewa akwai wanda zai iya taɓa lissafin reshe daga nesa. Sai a 2019, a shari'ar da mutum 555 suka shigar ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar na da kurakurai, kuma ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga lissafin rassa daga ofishinsu su yi canji ba tare da mai reshen ya sani ba. A 2024 majalisar dokokin ƙasar ta yi doka ta musamman ta soke hukuncin da aka yanke wa mutanen. To amma wa zai mayar masu da shekarunsu da mutuncinsu?

Ke nan littafin sawu ba mai ajiya kaɗai yake karewa ba, har da yaron taga da wakilin da ke ƙauye, waɗanda su ake fara kamawa idan lissafi bai cika ba. Sai dai kariyar ba ta samuwa sai littafin ya haɗa da manya. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce, a riƙa tura kwafin littafin nan take zuwa wata na'ura daban wadda mai babban makulli ba shi da iko a kanta, a kuma hana amfani da babban makullin wajen aikin yau da kullum. Shi ma ya shiga da sunansa kamar kowa, idan gyara ya kama a rubuta dalili, wani ya sa hannu.

Ɓarayin waje su ma sun san darajar wannan littafi, shi ya sa shi suke fara kai wa hari. Lokacin da aka sace dala miliyan 81 daga asusun babban bankin Bangaladash a watan Fabrairun 2016, ɓarayin sun lalata tsarin da ke buga takardar shaidar kowace aika kuɗi, don kada ma'aikata su farga da wuri. Duk ofishin da aka wayi gari aka ce littafin sawunsa na kwana biyu ya ɓace, to a binciki kwana biyun nan da kyau.

Rubutun da ba a karantawa

Saura mataki na uku, wanda aka fi sakaci da shi. Littafi na iya kasancewa cikakke, ba wanda ya taɓa shi, amma idan ba mai buɗe shi sai bayan ɓarna ta auku, ya zama maganin da aka kawo bayan an dawo daga maƙabarta. A watan Janairun 2008 bankin Société Générale na Faransa ya sanar da asarar yuro biliyan 4.9, wato sama da sefa biliyan 3,200, ta hannun ma'aikaci ɗaya, Jérôme Kerviel. Binciken da bankin ya sa aka yi ya nuna na'urorinsa sun yi gargaɗi fiye da sau 70 a kan cinikin mutumin, amma ba a bi diddigi yadda ya kamata ba. Hukumar da ke sa ido kan bankunan ƙasar ta ci bankin tarar yuro miliyan 4 saboda wannan sakaci.

Karanta littafin ba ya buƙatar a bi shi layi-layi. Akwai alamomin da ake nema: wanda ya shiga da tsakar dare ko ranar da ofis ke rufe, suna ɗaya da ya shiga daga Baleyara da Yamai a cikin sa'a ɗaya, lambar sirri da aka gwada sau ashirin, soke ciniki da ya yi yawa a hannun mutum ɗaya, da asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba sai kwatsam aka fara cire kuɗi. Wannan na ƙarshen ya shafe mu ƙwarai, domin asusun ɗan ci-rani da ya tafi Kwatano ko Abijan, da na tsohuwar da ba ta zuwa sai shekara-shekara, da na mamacin da magada ba su san da shi ba, su ne suka fi jan hankalin mai mugun nufi.

Leƙe ma shiga ne

Ba sata kaɗai ce abin tsoro ba. Wanda ya buɗe asusunki ya duba ya rufe bai ɗauki komai ba, amma ya fita da labari. Mace na iya tara jari a ɓoye don auren 'yarta ko don ranar rashin lafiya, sai ta ji labarin kuɗinta a bakin dangi ko a bakin kishiya. Falke na iya karɓar kuɗin shanu, kafin ya kai tasha labari ya riga shi. A yankin da ake tare hanya ana kuma karɓar kuɗi da sunan zakka da bakin bindiga, sanin wanda ya karɓi miliyan biyu yau Lahadi magana ce ta rai da mutuwa.

Don haka littafin sawu na ƙwarai yana rubuta har wanda ya duba kawai. Ma'aikacin da ya san cewa duk asusun da ya buɗe za a ga sunansa, kuma za a iya tambayarsa dalili, zai yi tunani kafin ya leƙa lissafin maƙwabciyarsa don wani ya roƙe shi.

Abin da doka ta tanada

Kada wani ya ɗauka alfarma ake nema. Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, kuma dokar lissafin kuɗi ta ƙungiyar, wadda aka sabunta a 2017, ta hana kankare ko barin gurbi a littafin kasuwanci. Idan an yi kuskure, sai a rubuta wani layi da zai warware shi, tsohon ya zauna a wurinsa. Ga masu lissafi da kwamfuta, dokar ta ce dole tsarin ya hana gogewa ko ƙari ko canji bayan an tabbatar da rubutu, a kuma adana littattafai da takardun shaida har shekara 10. Babban bankin yankinmu, BCEAO, a umarnin da ya fitar a 2015 kan kuɗin salula, shi ma ya wajabta wa kamfanoni su iya bin sawun kowace hulɗa na tsawon shekara 10.

A cikin gida, dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci ga wanda ya kutsa cikin na'urar wani ko ya canza bayanan da ke ciki da ha'inci. Dokar kare bayanan mutum ta 2017, wadda ta kafa hukumar HAPDP kuma aka maye gurbinta da sabuwa a watan Disambar 2022, ta ba kowa haƙƙin ya nemi sanin bayanan da aka ajiye a kansa, ya kuma nemi a gyara idan akwai kuskure. Ƙananan asusun ajiya da lamuni kuwa suna ƙarƙashin kulawar hukumar ARSM. Kafin duk waɗannan, aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya ce a rubuta a kafa shaida bai ci mutuncin kowa ba.

Abin da ya rage gare mu

Mu 'yan kasuwa ba za a buɗe mana littafin sawu mu duba ba, amma muna da ikon tambaya kafin mu ba da ajiya. Hajiya, ki tambayi manaja cikin ladabi: kowane ma'aikaci da lambarsa yake shiga, ko lamba ɗaya ce? Idan aka canza lissafina, za ku iya gaya mani wanda ya canza da ranar da ya yi? Wa ke zuwa daga waje ya duba? Wanda ke aiki da gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wanda ya harzuƙa kuwa, ya riga ya ba ki amsa.

Sannan kowa ya riƙe nasa sawun. Kada a bar taga ba tare da rasit ba, komai tsawon layi, komai sabo da mai tagar. Lambar da ke jikin rasit ita ce igiyar da mai bincike zai kama ya kai ga layinku a cikin rumbu. Irin 'yar siririyar takardar nan da na'ura ke bugawa tana kodewa cikin 'yan watanni, musamman a zafinmu, don haka a ɗauki hotonta da salula ko a sa yaro ya kwafe lambar da ranar a littafi. Kada a goge saƙon da ke shigowa bayan ajiya ko cirewa. Idan an ce layi ya yanke, a karɓi takardar hannu mai hatimi da sa hannu, a kuma dawo a tabbatar an shigar. A riƙa neman takardar bayanin asusu lokaci-lokaci, idan an ga abin da bai yi daidai ba a kai kuka da wuri kuma a rubuce, a riƙe kwafi.

Lambar sirrin salula kuwa ba ta da abokin sirri. Mun san da yawa daga cikin iyayenmu mata kan miƙa wa mai shago waya su faɗa masa lambar don ba su iya dannawa ba. Duk abin da aka yi da wannan lamba, littafin kamfani zai rubuta ke ce kika yi, kuma ba ki da bakin musu. Gara a zauna a gida a koyi lambobi huɗun nan har hannu ya saba. Ƙungiyoyin adashi da ke son mayar da akwatinsu cikin salula su ma kada su yar da hikimar ƙwado uku. A Yuganda an yi asusun ƙungiya na salula wanda kuɗi ba sa fita sai mutum uku sun sa lambarsu, kuma ba laifi ba ne matanmu su nemi irinsa daga kamfanoninmu.

Alhazan da suka sa kwamfuta a kantuna da shagunan hatsi da na magani, ku ba kowane yaro sunansa da lambarsa, ku rufe sunan wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi, ku hana yaran taga ikon gogewa, ku kuma ware sa'a ɗaya a mako, ko da ranar Litinin ce bayan kasuwa ta watse, ku duba jerin abin da aka soke da abin da aka canza. Ku ma kada ku riƙa shiga da sunan yaranku, domin ranar da lissafi ya ƙi cika za ku so ku san gaskiya, su ma za su so a wanke su.

Daga ƙarshe muna kira ga BCEAO da ARSM da HAPDP da kada bincikensu ya tsaya a manyan ofisoshin Yamai. Masu bincike su riƙa fitowa Baleyara da Filinge da sauran kasuwannin ƙasar Kurfai, su zo ranar kasuwa, su ga yadda ake shiga na'ura a lokacin da layi ya yi tsawo. A kuma riƙa bayyana wa jama'a haƙƙinsu a gidajen rediyon karkara da Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci, a faɗi inda za a kai kuka. Matar da ta yi wata shida tana kiwon rago ta cancanci ta san wanda ya taɓa kuɗinta. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.